Sola, Waya ta Hannu da Datar da Ba ta Kai Wata: Amsoshin Tambayoyinku

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, sannan aka ɗaga kuɗin wuta ga 'yan rukunin Band A, wato masu samun wuta mafi yawan awanni, zuwa naira 225 kan kowane yunit a watan Afrilun 2024, yawancin saƙonnin da ke zuwa mana kan sola ne. Da ita za mu fara, kuma ita za ta ci mafi yawan filin.

Tambaya: Ni magidanci ne a Hotoro, Kano. Ina da fankar sama biyu, ƙwan lantarki shida, talabijin da dikoda, da ƙaramin firij. Mai shago ya ce inbata 1.5kVA da batir ɗaya mai 200Ah da farantin sola biyu masu wat 300 za su ɗauki gidan har asuba. In biya?

Amsa: Malam, riƙe kuɗinka tukuna, mu yi lissafi. Kowane kayan wuta yana da adadin wat ɗin da yake ja, a rubuce a jikinsa ko a kwalinsa. Ka ninka wannan adadi da awannin da yake aiki, abin da ya fito shi ne yawan wutar da ya ci, a ma'aunin wat-awa (Wh).

Fankar sama irin ta gama-gari tana jan kusan wat 70. Guda biyu na awa tara sun ci 1,260. Ƙwai shida masu wat 9 na awa biyar, 270. Talabijin da dikoda wat 60 na awa huɗu, 240. Cajin wayoyin gida, a ce 60. Jimla 1,830. Inbata ita ma tana cin nata rabon wajen juya wutar batir zuwa ta gida, kusan kashi 15 cikin ɗari, don haka abin da za a zara daga batir a dare guda ya kai 2,150. Ka lura, ba mu ma sa firij ba.

Batir mai bolt 12 da 200Ah yana ɗauke da 2,400 a takarda. Amma batirin ruwa ba a shan fiye da rabinsa. In ana tatse shi har ƙasa kullum, abin da ya kamata ya yi shekara uku ko huɗu sai ya mutu cikin shekara guda. Kenan 1,200 kawai ke hannunka. Wajen tsakar dare, ko kaɗan bayan haka, inbata za ta fara ƙara, fanka ta tsaya, kuma a watan Afrilu ka san abin da hakan ke nufi a Kano.

Mai shagon ya ja hankalinka kan girman inbata, alhali ba nan matsalar take ba. Batir shi ne randa, farantin sola shi ne mai ga-ruwa, inbata kuwa moɗa ce kawai. Girman moɗa ba ya ƙara ruwan randa. Inbata 1.5kVA ta ishe ka. Abin da bai ishe ka ba shi ne batir da faranti. Faranti mai wat 300 a ranar Kano yana ba da kusan 1,100 a yini, bayan an cire asarar zafi da ƙura da waya. Biyu kenan 2,200, daidai cika abin da aka sha jiya, babu na firij, babu na fankar rana.

Hanya biyu ce. Ta farko, ka ƙara batir ya zama biyu, ka haɗa su a bolt 24, faranti ya zama huɗu. In za ka bi wannan, inbatar ma sai mai bolt 24, don haka kada ka sayi mai bolt 12 da niyyar ƙarawa daga baya. Ta biyu, wadda muka fi so ga mai ƙaramin ƙarfi, ka rage nauyin kafin ka sayi komai. Fankar DC, wato mai aiki da irin wutar batir, mai wat 25 guda biyu na awa tara 450 kawai suke ci. Da wannan canjin jimlar dare ta sauko kusan 1,200, batir ɗaya ya ɗauka da ƙyar. Kuɗin fanka biyu bai kai na batir guda ba.

Firij kuwa a kunna shi da rana lokacin da faranti ke aiki, a daskarar da robobin ruwa a ciki, a kashe shi da magariba. Ka sani kuma lokacin da injinsa zai tashi yana fizgar ninki uku ko fiye na abin da yake ja a kullum, shi ya sa ƙananan inbata ke ɗaukewa da an jona shi. Dutsen guga da hitar ruwa da injin rijiyar burtsatse, waɗannan a bar wa NEPA ko janareto.

Tambaya: Batirin ruwa ko na litiyam? Bambancin kuɗin ya tsorata ni.

Amsa: A kwatanta abin da za a sha, ba abin da aka rubuta a jiki ba. Litiyam nau'in LiFePO4 mai bolt 25.6 da 100Ah yana ɗauke da 2,560, kuma ana iya shan kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari ba tare da cutar da shi ba. Kenan shi kaɗai ya kusa yin aikin batirin ruwa biyu masu 200Ah. Yana saurin cika, ba ya neman ƙarin ruwa, kuma mai kyau yana jure caji da saukewa sau dubbai. In kuɗin zai kai, shi ne zaɓinmu. Sai dai kasuwa ta cika da waɗanda aka haɗa da tsofaffin ƙwayoyi aka sa musu sabon akwati. Araha ba ta ado: ka nemi takardar garanti mai hatimin shago, ka tabbatar inbatarka tana da saitin litiyam.

In batirin ruwa ne, a duba ruwansa duk wata, a ƙara ruwan batir tacacce, ba na famfo ko na leda ba, kuma ba a ƙara asid. A ajiye shi inda iska ke ratsawa, don yana fitar da iskar da ke kamawa da wuta, zafi kuma yana rage masa kwana. Kada a haɗa sabo da tsoho, tsohon zai ja sabon ƙasa. Wurin da masu haɗawa suka fi yin ƙwange shi ne waya: siririya tana ɗumi tana cinye wutar a hanya. Daga faranti a sa mai girman 4mm² ko 6mm² ta jan ƙarfe zalla, da bireka ta DC tsakanin batir da inbata. Kwantirola, wato na'urar da ke daidaita cajin batir daga faranti, mai tsarin MPPT ta fi mai tsarin PWM tatso wuta. Lokacin hunturu a wanke farantin da sassafe aƙalla sau ɗaya a mako.

Tambaya: Ina sayar da atamfa da turare ta WhatsApp. Wayata ta lalace. In sayi sabuwa mai sauƙin kuɗi, ko babba ta hannu a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano?

Amsa: Hajiya, in hoton kaya ne jarinki, babbar waya ta hannu mai kyamara mai kyau za ta iya fin sabuwa 'yar ƙarama, amma sai an duba ta a gaban mai ita kafin kuɗi ya fita. Ki danna *#06#, lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, za ta fito. Ta dace da wadda ke cikin saitin wayar, kuma a rubuta ta a rasit tare da sunan shagon. Wannan rasit ɗin ne zai wanke ki in wayar ta zama ta sata aka biyo sawu. Ki sa layinki ki yi kira, ki buɗe data, don wasu a kulle suke da kamfanin ƙasar da suka fito. A goge wayar gaba ɗaya a gabanki, a sake kunna ta. In ta nemi iCloud ko adireshin Google na wani, ki ajiye ta, ko da an ce za a buɗe. Haka in ta nuna saƙon biyan bashi: akwai wayoyin da ake ɗauka biya-kaɗan-kaɗan, suna kulle kansu da an daina biya.

In iPhone ce, lafiyar batir da ta gaza kashi 80 na nufin canji ya kusa, sai a rage miki kuɗinsa. Daga iPhone 14 zuwa sama, waɗanda aka yi wa kasuwar Amurka ba su da gurbin sim, sai eSIM, wato layin da ake sa wa waya ba tare da kati ba. In kika ga irinta da gurbi, fasa ta aka yi aka dasa. In kuma sabuwa kika zaɓa, RAM, wato ƙwaƙwalwar da waya ke gudanar da manhajoji da ita, in an rubuta 4+4, huɗu ne na gaske, sauran aro ne daga ma'ajiyar wayar. Kada ma'ajiyar ta gaza 128GB, hotunan kaya suna saurin cika waya.

Tambaya: Datar wata ɗaya ba ta kai mini mako biyu. Sata ake yi?

Amsa: Kuɗin ya tashi, gaskiya ne, tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025. Amma kafin ka zargi kamfani, shiga saitin wayarka wurin amfani da data, za ka ga manhajar da ta fi ci. Kusan kullum bidiyo ne: TikTok, Facebook, YouTube. Awa guda na bidiyo mai kaifin hoto yana iya cin 1GB ko fiye, alhali in ka saukar da shi zuwa 360p ba ya kai rabin haka. Ka kashe sauke hoto da bidiyo kai tsaye a WhatsApp, musamman in kana cikin guruf da yawa. Sabunta manhajoji a Play Store da ajiye hotuna a Google Photos, ka mayar da su sai da Wi-Fi. In kana jona kwamfuta da wayarka, ka nuna wa Windows cewa layin mai awo ne, in ba haka ba za ta sauke sabuntawa mai nauyi ba tare da ta tambaye ka ba. Ka danna *323# don ganin ragowar datarka da safe da kuma dare na kwana uku, ka gwada da abin da wayar ta ƙirga. In bambancin ya yi yawa, ka ɗauki hoton allon ka kai ƙorafi wurin kamfanin, in ba su warware ba ka kira NCC a 622.