Kwamfutata na shaƙewa in ina haɗa kiɗa, ram zan ƙara ko saun kad zan saya?

Tambayar farko ta wannan satin daga wani matashi ce mai ɗan situdiyo a Sabuwar Unguwa nan cikin Katsina. Yace laftop ɗinshi i5 ce mai ram giga 8, da manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio yake aiki, da zarar tirak, wato layukan sauti, sun haura ashirin sai sauti ya fara ƙaras-ƙaras kamar ana suyar gyaɗa a kasko. Wani yace mashi ya ƙara ram, wani yace saun kad, shi kuma kuɗin abu ɗaya gare shi.

Toh ƙanena ka maida kuɗinka aljihu tukuna. Ka kunna waƙar ka kalli ɗan mitan nan da ke can sama cikin FL, in na firosesa, wato injin da ke yin lissafin kwamfuta, ne ke hayewa kashi 90 zuwa 100 alhali ram, wurin da take riƙe abin da take aiki da shi, bai cika ba, ko giga 32 ka zuba wlh ƙarar nan tana nan. Ram yana amfani ne in kana loda manyan kayan kiɗa irin na manhajar Kontakt. Saun kad kuma, wato na'urar da ake jona makirufo da sifika da ita, irin su Focusrite Scarlett zai baka murya mai tsabta da direban ASIO mai kyau, wato manhajar da ke haɗa FL da na'urar sauti, amma ba shi ke ɗaukar nauyin fulogin, wato ƙananan manhajojin kiɗa da gyaran sauti da ake sawa cikin FL, ba, firosesa ne dai ke wahalar.

Fara da bafa, wato yawan sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta fiddo shi, ka danna F10 ka shiga saitin sauti. Ka tabbatar ASIO ka zaɓa, sannan ka duba lambar bafa. Bafa kamar guga ne, in ƙarami ne dole mai jan ruwa yayi ta zurawa ba hutu. In saitin sample rate yana 44,100, bafa 256 jinkirinshi kusan milisakan 6 ne, 1024 kuma kusan 23. Lokacin ɗaukar murya ka barshi a 256 saboda kar mawaƙi ya riƙa jin muryarshi na biyo shi a baya cikin hedifon, amma da an gama ɗauka an koma miksin ka tura shi 1024 ko ma 2048, ba wanda jinkirin zai dama a lokacin. Mutane da yawa nan kaɗai matsalarsu take ƙarewa.

Sai kuma ɗabi'ar nan tamu. Na taɓa zama wani situdiyo na ga tirak goma na 'yan amshi, kowanne da nashi ribab mai sa amo da nashi Auto-Tune mai daidaita murya, ga Ozone, fulogin ɗin gyaran ƙarshe, zaune kan masta, layin da duk sauti ke haɗuwa, tun ba'a gama jera ganga ba, mai aikin na ta zagin kwamfuta. Haba malam. Ribab ɗaya ka sa a layi guda ka tura duk muryoyin can. Ozone ka kashe shi sai ranar mastarin, wato gyaran ƙarshe. Duk kiɗan da ka riga ka gamsu da shi, musamman na fulogin irin su Omnisphere ko Serum masu cin ƙarfi, ka maida shi odiyo ka kashe fulogin ɗin, ka dai ajiye kwafin aikin na asali ko mai waƙa zai dawo yace a canja mashi ki (key) na waƙar, kuma zai dawo ɗin. Akwai kuma Smart disable cikin Macros, shi ke kwantar da duk fulogin ɗin da baya fidda sauti a lokacin.

Kar ka manta inda muke. In an ɗauke wuta laftop ta koma kan batir, Windows rage mata gudu yake, don haka ka jona caja ka sa saitin wuta a mafi ƙarfi. Ƙurar hunturu kuma tana toshe fanka, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40, firosesa in yayi zafi da kanshi yake rage sauri. Ka kai ma mai gyara ya hure ta ya canja man nan da ake shafawa kan firosesa, kuma ka daina ɗora ta kan katifa.

Wata 'yar'uwa daga Daura mai yin jingil na talla tace an nuna mata laftop tokumbo guda biyu kusan kuɗi ɗaya, i7-7500U da i5-8250U, mai shago yace i7 ai tafi.

Hajiya ɗauki i5 ɗin. Waccan i7 zubi na 7 ce, kwakwalwa biyu gare ta, ita kuma i5 zubi na 8 huɗu gare ta, kuma Windows 11 a hukumance daga zubi na 8 take farawa, ga shi Microsoft ta daina tallafin Windows 10 tun Oktoban 2025. In kin samu wadda lambarta ta ƙare da H maimakon U ta fi ƙarfi, saidai tana shan batir. Ki tabbata SSD ne a ciki, wato ma'ajiyar fayil mai sauri, kuma ki je da aikinki mafi nauyi a filash a kunna shi gabanki kafin ki biya.

Mai tambaya ko kashe intanet na taimakawa, eh yana yi, musamman in Chrome na buɗe da shafi goma ana kallon ƙwallo a gefe.