Wace hular kwano zan saya, kuma ta yaya zan gane ta yi min daidai?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Ni malamin makaranta ne a Funtuwa, kwanan nan na sayi Boxer kuma kullum sai na hau babban titi zuwa ƙauyen da nake koyarwa. An haɗo min da hular kwano wajen sayen mashin ɗin amma ta yi min yawa, sai na ɗora ta a kan hulata sannan take zama, in na ɗan taka gudu kuma iska ta dinga ɗaga ta. Na leƙa kasuwa na ga kala-kala, wata kuɗinta ya ninka na wata sau biyar kuma dukkansu da sitika a baya. Wacce ce ta gaskiya, kuma ya zan gane sayiz ɗina? Sannan wani lokacin ina goya maiɗakina da yaronmu ɗan shekara 6, su ma sai na saya musu ne?

Amsa: Wa alaikumus salam malam, Allah ya sanya alheri ya tsare hanya. Bari in fara da wadda ke hannunka domin ita ta fi damuna. Hular da iska take ɗagawa tun kana bisa mashin lafiya lau, to ranar da aka faɗi, Allah ya kiyaye, ita za ta riga ka isa ƙasa, ta yi nata wuri kai ka yi naka. Ɗora ta a kan zanna ko wata hula mai tauri ma ƙara lalata abin yake, don hular kwanon ta koma tana zaune a kan hula ne ba a kan kanka ba, tsakani akwai abin da zai zame. Ka naɗe hularka ka sa a jaka, in ka isa makaranta ka saka abarka.

Mutane da yawa sun ɗauka ƙoƙon nan mai sheƙi na waje shi ne hular, shi ya sa za ka ga mai saye yana ƙwanƙwasa shi da yatsa yana cewa wannan da ƙwari. Ƙoƙon yana da aikinsa, yana hana abu mai tsini huda kai yana kuma baza bugun ya watsu maimakon ya taru wuri ɗaya, amma babban aikin na farin soson nan ne mai tauri da ke ƙarƙashinsa, irin wanda ake samu cikin kwalin sabon firji ko talabijin sai dai na hula ya fi shi matsewa. Ƙwaƙwalwa a cikin ƙoƙon kai kamar kindirmo ce a ƙwarya, in ƙwaryar ta tsaya cak da ƙarfi to kindirmon sai ya daki bangonta daga ciki ko da ƙwaryar ba ta fashe ba, shi ya sa za ka ga mutum ya faɗi babu ko ƙwarzane a kansa ya tashi ya kakkaɓe jiki ya tafi gida, da dare ya fara amai da magagi ashe jini ne ke taruwa a ciki. Farin soson nan yana lotsawa ne a lokacin bugu, ya sha ƙarfin, kai ya tsaya a hankali maimakon farat ɗaya. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana bayarwa sun nuna hula ta gari da aka saka yadda ya kamata tana rage haɗarin mutuwa da kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kashi 69. Duk wannan lissafin na hular da aka saka daidai ne aka kuma ɗaure.

To in ka je kasuwa abu na farko ka juya hular ka leƙa cikinta, ka ɗaga yadin nan mai laushi ka sa yatsa. In ta gaskiya ce za ka taɓa farin soso mai kauri wajen santimita 2 zuwa 3, kana danna shi da ƙyar yake lotsawa, kuma ya zagaye ko'ina har ƙeya da gefen kunne. In ka ji yatsanka ya wuce ta cikin soson katifa ya taɓo roba kai tsaye, ajiye musu kayansu komai kyan fentinta. Sai ka riƙe gefe da gefe ka ɗan matsa, wadda take lanƙwashewa cikin sauƙi babu komai a cikinta. Nauyi ma yana faɗa maka wani abu, mai rufe fuska gaba ɗaya ta kirki takan kai kilo 1.3 zuwa 1.7, wadda ka ɗauka ka ji shafal ba ta kai rabin kilo ba to an cire mata abin da ya kamata ya yi nauyin. Hular masu aikin gini kuwa, mai ruwan ɗorawa ɗin nan da wasu ke hawa mashin da ita, an yi ta ne don abin da zai faɗo daga sama, ba ta da soson kuma ba ta zama a kai in an wuntsila.

Wannan ɗabi'a ta saka kowane irin abu a kai ta samo asali ne tun lokacin da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta fara tilasta dokar hular kwano ranar 1 ga Janairun 2009, inda a Kano aka dinga ganin 'yan acaɓa da ƙwarya da tukunyar roba an yi musu fenti an ɗaura igiya don kawai a wuce jami'ai. Har yau da yawa daga cikin masu arahar nan na kasuwa don wucewa gaban jami'i aka ƙera su, kuma abin yana min ciwo matuƙa don wanda ya saya yana tafe da ganin ya tsare kansa.

Maganar sitika da ka yi, gaskiyarka, kowa zai iya buga sitika. Ta Amurka ita ce DOT, kuma tsarinsu kamfani ne da kansa yake shelar cewa hularsa ta cika ƙa'ida, hukuma sai daga baya take ɗiban wasu ta gwada, saboda haka ita ta fi sauƙin yin jabu. Tun 2013 ta gaskiyar tana ɗauke da sunan kamfani da samfurin hular da rubutun FMVSS No. 218 CERTIFIED, in ka ga haruffa uku kawai an manna tsirara ka yi shakka. Wadda na fi natsuwa da ita ita ce ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Turai ke amfani da ita, ECE 22.05 ko sabuwarta 22.06, domin ita sai an kai hular ɗakin gwaji an buga ta tukuna a ba da lamba, kuma shaidarta ba a baya take ba, wani ɗan ƙyalle ne da aka ɗinke a jikin maɗaurin haɓa. Za ka ga harafin E cikin da'ira da lamba a gefensa, lambar ta ƙasar da ta ba da izini ce ba ƙasar da aka ƙera ba, 1 Jamus, 2 Faransa, 3 Italiya, haka dai, a ƙasa kuma doguwar lamba da ta fara da 05 ko 06, sai harafin P in kariyar haɓarta an gwada ta, J in buɗaɗɗiyar fuska ce, in ka ga NP to tana da abin haɓa amma ba a lissafa shi a matsayin kariya. Na Indiya suna zuwa da tambarin ISI da lamba IS 4151. Sunaye irin su LS2 da HJC da Studds kamfanoni ne na gaske amma su ma ana buga sunansu a jikin jabu, don haka ka haɗa uku, ƙyallen maɗauri da kaurin soso da takardar cikin hular mai nuna sayiz da watan da aka ƙera ta. Tsada kaɗai ba shaida ba ce, wata tsadar ta rashin nauyi ce da kyan fenti da suna, matsakaiciya mai shaidar gaskiya ta ishe ka.

Tunda babban titi kake hawa kullum da tireloli, mai rufe fuska har haɓa nake ba ka shawara. Wani bincike da aka yi a Jamus kan inda bugu ke samun hula a haɗurra ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku a wajen haɓa ne, kuma duk wanda ya taɓa ganin mutum da karyayyen muƙamuƙi an ɗaure masa haƙora da waya yana shan kunu ta tsinke makonni ba zai yi gardamar wannan ba. Na san zafi, watan Maris da Afrilu ba wasa ba ne, to ka nemi fara ko mai haske wadda take da kafofin iska a goshi da haɓa da baya, ka tabbata kafofin sun huda har cikin soson don wasu zane ne kawai, fara kuma direbobi sun fi hango ta musamman da magariba ko cikin hazon hunturu.

Yanzu sayiz, wanda shi ne inda ake yawan faɗuwa ko da an sayi mai kyau. Ka ari tef ɗin tela, ka zagaya kanka da shi ta saman gira da kamar yatsa ɗaya, ta saman kunnuwa, zuwa inda ƙeya ta fi tudu. In ya ba ka santimita 55 zuwa 56 to S ne, 57 zuwa 58 M, 59 zuwa 60 L, 61 zuwa 62 XL. Amma lambar mafari ce kawai domin kai ba iri ɗaya ba ne, wani zagayayye wani mai tsawo gaba da baya, kamfanoni ma kowa da irin ƙirarsa, saboda haka kar ka aiki yaro ko ka ce a taho maka da ita daga Kano, ka je da kanka ka saka.

Wadda ta yi maka daidai da ɗan ƙyar za ta shiga, sai ka ja maɗauran gefe biyu ka buɗe bakinta, har kunnenka ya ɗan naɗe ka gyara shi. In ta zauna, bakinta na gaba ya tsaya dab da saman gira ba can tsakiyar kai ba, soson gefe ya dafe kumatunka har ka ji in za ka tauna abu kana iya cizon cikin kuncinka. Ka ɗaure maɗaurin, ka riƙe hular da hannu biyu ka juya ta dama da hagu kana tsayar da kanka, fatar goshi da kumatu su bi ta, in hular ce ke yawo fata na tsaye ta yi yawa. Ka gwada cusa yatsa tsakanin goshinka da soson, bai kamata ya shiga ba. Sannan ka sunkuyar da kai ka kama ƙasan hular ta baya ka turo ta gaba da ƙarfi kamar za ka tuɓe ta, ko ka sa mai shagon ya yi maka, in ta fita ko ta rufe maka ido a ɗaure to ba taka ba ce. Bayan nan ka bar ta a kanka kamar minti 15 kuna hira da mai kaya, kar ka ji kunya kuɗinka za ka bayar, matsi na ko'ina daidai wa daida ba laifi ba ne don soson ciki yana saki bayan 'yan makonni, amma in wuri ɗaya ne yake maka zugi, ka cire ka ga jan tabo a goshi ko saman kunne, ƙirar ce ba ta dace da kanka ba, canza kamfani za ka yi ba ƙara girma ba. In kana sa tabarau ka je da shi.

Maɗaurin haɓa kuwa dan Allah malam kar ka yi wasa da shi, rabin masu hular da nake gani a titi igiyar na reto a gefe ko an maƙale ta a baya. Ya zauna ƙarƙashin muƙamuƙi wajen maƙogwaro, yatsa ɗaya ko biyu kawai su iya shiga. Ka duba inda aka kafe shi a jikin ƙoƙon, ƙusar ƙarfe ce aka dasa ko ɗinki ne da gam, ka fizge shi da ƙarfi a gaban mai kaya. Mai zobba biyu na ƙarfe da mai haƙora da ke yin ƙaras-ƙaras duk suna da kyau, ɗan maƙullin roba irin na jakar makarantar yara shi ne ban yarda da shi ba. Gilashin gaba ka ɗauki fari garau, baƙi yana da daɗi da rana amma da dare makanta ne, in ya kakkarce har fitilar mota na watsuwa a cikinsa ka canza shi.

Uwargida lallai sai da tata, wanda aka goya ƙasa ɗaya yake faɗawa da mai tuƙi kuma shi ko sitiyarin riƙewa ba shi da shi. Ta je a gwada mata da irin kitso da hijabin da ta saba fita da su, hijabi marar kauri yana shiga ƙarƙashin hula lafiya lau, abin da ke hana ta zama shi ne ɗaurin ɗankwali mai tudu ko acuci ko tulin gashi a ƙeya, sai ta kwantar da shi ƙasa. Yaro kuma ta yara za a saya masa daidai kansa na yau, kar a ce a ɗauki babba zai girma a cikinta, ta manya ta fi ƙarfin wuyansa kuma za ta fice. Amma zan gaya maka gaskiya, ku uku a kan Boxer a babban titi ban so ba ko kowa da hularsa, ɗora yaro a kan tanki ma ya fi muni domin in aka taka birki da ƙarfi shi ne a gaba, in tafiyar ta iyali ce ku shiga mota ya fi min kwanciyar hankali.

Ita ma hular ba ta dawwama. Farin soson in ya lotsa sau ɗaya ba ya dawowa, don haka duk hular da aka faɗi da ita kai ya bugu a ciki ta gama aikinta ko da waje babu tsaga, kuma wannan ne ya sa nake hana mutane sayen ta gwanjo, za ka ga babban suna da araha amma ba ka san abin da ya same ta a can ba. Ko ba a faɗi ba yawancin kamfanoni suna cewa a canza bayan kamar shekara 5. Kar ka riƙa rataye ta a madubi don bakin madubin yana cin soson daga ciki, kar ka kifa ta a kan murfin tanki don fetur yana narkar da shi, kar ka bar ta a rana tun safe har a tashi daga makaranta, ka shiga da ita ofis. Wanki da ruwa da sabulu kawai, a shanya a inuwa. Ka kuma sani gwajin da ake wa hulunan nan a tsarin 22.05 a gudun wajen kilomita 27 a awa ake buga su, wato an auna su ne da faɗuwar kai daga kan mashin zuwa kwalta, ba karo da tirela gaba da gaba ba, saboda haka sabuwar hula kar ta sa ka ƙara wuta.

Abu ɗaya da nake so ka isar wa abokan aikinka da ɗalibanka manya, in aka tarar da mai mashin ya faɗi da hula a kansa kar a yi saurin fizge ta, mutanenmu da tausayi nan da nan za a taru a cire hula a zaunar da shi a ba shi ruwa, alhali in ƙashin wuya ya taɓu wannan jan shi ke jawo shanyewar jiki. A buɗe gilashin ya sha iska, mutum ɗaya ya riƙe kan da hannu biyu kar ya motsa, a kira FRSC a 122 ko a nemi ma'aikacin lafiya mafi kusa. Sai in ba ya numfashi ko amai na neman shaƙe shi ne za a cire, shi ma mutum biyu, ɗaya ya tallafe wuya da haɓa ɗaya ya buɗe gefen hular ya zare ta a hankali.