Fili, tasha da kwata: ƙofar wa ya kamata 'yan unguwa su ƙwanƙwasa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune ne a wata unguwa cikin birnin Kano. Akwai wani fili a bayan firamaren unguwarmu inda yara suke ƙwallo, a nan kuma ake shimfiɗa tabarmi in an yi ɗaurin aure ko rasuwa. Kwanaki muka wayi gari an zo an auna shi an kafa turaku, yanzu har an fara sauke bulo, wai shaguna za a yi. A bakin titinmu kuma 'yan a-daidaita-sahu da ƙananan motoci sun mayar da wurin tasha, kullum ana yankar musu rasit, mu kuwa ko mara lafiya za a fitar sai an sha wuya. Kwatarmu ta toshe damina biyu ke nan. Mun je wurin kansila ya ce "daga sama ne". Mun je sakatariya an ce babu kuɗi. To ba an ce Kotun Ƙoli ta ba ƙananan hukumomi 'yancin kuɗinsu ba? Wa ke da alhakin waɗannan abubuwa, kuma ina za mu dosa?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya saka muku da kuka tashi tun bulo yana ƙasa, domin galibi sai an ɗora rufi ake fara neman shawara.

Kuka uku ka kawo, kuma ba hukuma ɗaya ce ke da su ba. Maganar kansilanku gaskiya ce a kan fili. A kan tasha rabinta ce gaskiya. A kan kwata kuwa ba ta da tushe. Abin da yake cin 'yan unguwa shi ne su tattara ukun a takarda ɗaya su kai ofis ɗaya, sai mai ofishin ya nuna wanda ba nasa ba, ya sallame su da duka.

Na fara da filin, tunda shi ne ba ya jira. Tun 1978, lokacin mulkin Janar Olusegun Obasanjo, dokar amfani da ƙasa ta danƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Dokar ta raba ƙasa gida biyu. Wadda gwamna ya ayyana a matsayin birni, shi kaɗai ke ba da takardar mallakarta, shi ke soke ta. Wadda take karkara, ƙaramar hukuma na iya ba da shaidar mallaka ta gargajiya, har kadada 500 don noma, ko kadada 5,000 don kiwo. Kai da kake cikin ƙwaryar Kano, ko Fagge ce, ko Dala, ko Gwale, ko Tarauni, ko Nassarawa, ko Birni da Kewaye, ciyaman ɗinku ba shi da hurumin yanka fili ya ba wani. Hakimi da dagaci da mai unguwa ma haka. Shaida suke yi a kan cinikin gida ko gona, ba su da ikon raba filin jama'a. Mallaka tana ma'aikatar ƙasa ta jiha, izinin gini kuma yana hannun hukumar tsara birane, KNUPDA. A Kaduna takwararta ita ce KASUPDA.

An taɓa yunƙurin ba ƙananan hukumomi murya a tsarin gari. Dokar tsara birane ta tarayya ta 1992 ta tanadi hukumar tsarawa a kowace ƙaramar hukuma. Amma a 2003, a ƙarar da Jihar Legas ta kai gwamnatin tarayya, Kotun Ƙoli ta ce tsara gari lamarin jiha ne. Tun daga nan kowace jiha take tafiya da dokarta, kuma a mafi yawansu ƙaramar hukuma 'yar kallo ce.

To amma "daga sama ne" ba hujja ba ce, takarda ce hujja. Wanda yake ginin nan dole ya kasance da abu biyu: takardar da aka ba shi filin, da taswirar gini mai hatimin amincewar hukumar tsara birane. In kuma a taswirar unguwa an ware wurin ne don makaranta ko filin jama'a, sai an yi sauyin manufar fili a rubuce kafin ya zama na kasuwanci. Sau da yawa in aka bi diddigi sai a tarar abin da mai ginin yake riƙe da shi wata 'yar takarda ce ta wucin gadi da aka rubuta a sakatariya, irin wadda ake ba mai kes ko mai kwantena, sai ya ɗora bulo da kankare a kanta. Kundin tsarin mulki ya ba ƙaramar hukuma ikon kula da shaguna da kes-kes da karɓar kuɗinsu, wannan gaskiya ne. Bai ba ta ikon mallaka wa mutum ƙasar birni ba. Saboda haka ku rubuta wa hukumar tsara birane takarda ku tambaya ko ta amince da wannan gini, ku kai kwafi ma'aikatar ƙasa. Tunda filin yana manne da firamare, ku kai wa sakataren ilimi na ƙaramar hukumarku da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, ku sa kwamitin iyaye da malamai ya sa hannu. Ku nemi tsohon shugaban makarantar ko dattijon da ya san iyakar asali, domin makarantu da yawa ba su da katanga, kuma rashin katangar ne yake sa ake gutsurar su kaɗan-kaɗan. Kowane ofis kuka kai takarda, a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kwafinku. In aka ci gaba da gini duk da haka, lauya zai iya nema muku umarnin kotu na dakatar da aiki, kuma waɗannan kwafe-kwafen su ne zai fara tambaya.

Dalilin da ya sa nake matsa muku ku yi sauri, duk Bakano ya gan shi. A watan Yunin 2023 gwamnatin jiha ta rushe shagunan da aka gina a Filin Idi na Ƙofar Mata da gine-ginen tsohon otal ɗin Daula, tana cewa filayen jama'a ne aka raba ba bisa ƙa'ida ba. Masu shagunan Filin Idi suka tafi kotu da takardun da gwamnatin baya ta ba su, Babbar Kotun Tarayya ta ce a biya su diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan abin da bai kai haka ba. Ko wane ɓangare mutum yake goyon baya, asarar ta tabbata: ɗan kasuwa ya rasa jarinsa, baitulmali ya biya diyya. Da an tsayar da abin tun ana haƙa tushe, da babu wanda ya yi kuka. Shi kansa mai sauke bulo a unguwarku, in kun hana shi yau, wataƙila taimakonsa kuka yi.

Sai tasha. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, kuma kafa tashoshin mota da kula da su yana ciki, tare da kasuwanni, mahauta, maƙabartu, banɗakunan jama'a, kwashe shara, sanya wa tituna suna da ba gidaje lamba. Dokar haraji ta 1998, wadda ta fayyace abin da kowane mataki na gwamnati zai karɓa, ta sa kuɗin tasha a rabon ƙaramar hukuma. Amma dokar hanya da tsayuwar ababen hawa a kan manyan tituna ta jiha ce. A Kano KAROTA ke riƙe da ita, a Kaduna KASTLEA. Ka tuna lokacin da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a birnin Kano a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero, gwamnatin jiha ce ta yanke, ba ciyamomi ba.

Abin yi a nan mai sauƙi ne. Ka roƙi wani direba ya nuna maka rasit ɗin da ake yankar masa da safe. Ka duba kansa: sunan ƙaramar hukuma ne, ko na hukumar tara haraji ta jiha, ko na ƙungiyar direbobi, ko kuwa farar takarda ce da lamba kawai? Wanda sunansa yake kai ya amince da tashar ke nan, kuma wanda ya karɓi kuɗin wuri shi ke da alhakin tsara wurin. In na ƙaramar hukuma ne, ku tambayi jami'in kuɗin shiga a sakatariya ko wannan tasha tana cikin rajistarsu. In ba ta ciki, kuɗin yana shiga aljihun wasu ne, kuma ciyaman da kansa zai so ya sani. Shawarata kada ku nemi a kori masu a-daidaita-sahun. 'Ya'yanku ne da ƙannenku, abinci suke nema, kuma in an kore su yau jibi za su dawo, tunda fasinja yana nan. Ku zauna da shugaban reshensu da mai unguwa, ku nemi a matsar da layin daga bakin lungu, a ƙayyade adadin da zai tsaya a lokaci ɗaya, a bar mashiga a buɗe. Irin wannan yarjejeniya ta fi kamen kwana biyu daɗewa.

Kwata kuwa babu wani sama. Gina magudanan ruwa da titunan unguwa da fitilunsu aikin ƙaramar hukuma ne a rubuce. Ko da yake a birnin Kano hukumar REMASAB ta jiha ce take kwashe shara a manyan wurare, kwatar lungu tana wuyan sashen ayyuka da sashen lafiya na sakatariyarku, inda duba-gari suke.

Wannan ya kawo mu kan "babu kuɗi". Daga asusun tarayya, ƙananan hukumomi 774 suna da kashi 20.60 cikin ɗari, jihohi 26.72, tarayya 52.68. Daga harajin kayayyaki na VAT kuma suna da kashi 35. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 adadin nairar da ake rabawa duk wata ya ƙaru sosai. Matsalar tana sashe na 162 na kundin tsarin mulki, wanda ya ce kuɗin su bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi. A nan ake cire albashin malaman firamare, da na ma'aikatan lafiya, da fansho, da kason masarautu, da kuɗin ayyukan da ake kira na haɗin gwiwa, waɗanda galibi a gidan gwamnati ake zaɓar su. Albashi hakki ne, kuma ya ƙara nauyi bayan mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024. Ayyukan haɗin gwiwar nan su ne inda kuɗin kwatarku yake narkewa, a gina gada a tsakiyar birni da kason ƙaramar hukumar da ko rijiyar burtsatse ba ta iya gyarawa.

A ranar 11 ga Yulin 2024, a ƙarar da Antoni Janar na tarayya Lateef Fagbemi ya shigar da jihohi 36, Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura kuɗin kai tsaye ga ƙananan hukumomi, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa kantomomi. Mai shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta hukuncin. Ɓangaren kantomomi ya yi aiki nan da nan, jihohi suka yi ta rige-rigen yin zaɓe. Kaduna ta yi nata ranar 19 ga Oktoban 2024, APC ta lashe kujeru 23 duka. Kano ta yi ranar 26 ga watan, NNPP ta lashe 44 duka. Ɓangaren kuɗi kuwa ya yi ta jan ƙafa, har aka cika shekara da hukuncin ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi, NULGE, tana kukan ba a fara biya kai tsaye ba. Kuma ko an tura kuɗin, ciyaman da gwamna ya ɗauko ya tsayar, hukumar zaɓe ta jiha ta bayyana shi, da wuya ya ce wa gwamnan a'a. Ni a ganina muddin zaɓen nan yana yadda yake, hukuncin kotu kaɗai ba zai kawo siminti lungunku ba.

Duk da haka kada "babu kuɗi" ta rufe muku baki. Abin da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma duk wata ana wallafa shi; ofishin Akanta Janar na tarayya da hukumar ƙididdiga ta ƙasa suna fitar da shi a intanet, kuma duk yaron da ya iya waya a unguwarku zai iya nemo na watanni shida ya buga muku a takarda. Ku riƙe ta a hannu ranar da za ku koma. Sannan akwai kuɗin shiga na cikin gida, na kasuwa da shaguna da tasha da mahauta, wanda ba ya bi ta Abuja. Yashe kwata da gyara bakin kwalbati ba aikin biliyoyi ba ne.

Kansilanku kuma yana da aikin da ya fi raka ku sakatariya. Shi ɗan majalisa ne, ɗaya daga cikin 484 da mazaɓun Kano suke da su, kuma majalisar kansiloli ce take amincewa da kasafin kuɗin ƙaramar hukuma kafin a kashe. Ana haɗa daftarin kasafin ne a watannin ƙarshen shekara, saboda haka aikin da bai shiga takarda a lokacin ba, in damina ta zo sai dai a ba ku haƙuri. Ku tambaye shi kai tsaye: kwatarmu tana cikin kasafin bana? In tana ciki, nawa aka sa mata, wa aka ba kwangilar? In ba ta ciki, ku ba shi buƙatarku a rubuce, da sunan ƙungiyar ci gaban unguwa, da sa hannun mai unguwa da limami, da hotunan wurin lokacin da ruwa ya kwanta, ku ce ya gabatar a zauren majalisa a shigar da ita cikin bayanan zama. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa buƙatar da aka rubuta mata, kuma a 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa dokar ta shafi jihohi ma, don haka neman kwafin kasafi ba rashin kunya ba ne.

Kafin damina ta sake faɗuwa, ku yi gayya ku yashe abin da za ku iya, don kada ruwa ya ci gidan wani ana jiran hukuma. Amma ku rubuta wa sashen ayyuka cewa ranar kaza za ku yi, su turo motar da za ta kwashe abin da kuka fitar, in ba haka ba ruwan farko zai mayar da shi cikin kwatar. Takardar filin kuwa ku kai ta a wannan makon, kafin a zuba kankaren tushe.