Mece ce "insaikilika" ta Paparoma?

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Don Allah na sha ji a labarai wai Paparoma ya fitar da insaikilika, ni da na ɗauka littafin addu'a ne. Me kalmar nan take nufi, kuma duk wasiƙar da ya rubuta haka ake ce mata?

AMSA: Yawwa ɗan'uwa, ba littafin addu'a ba ne, wasiƙa ce. Asalin kalmar daga Girkanci take, ma'anarta abin da ke zagayawa, wato takardar da ba mutum ɗaya aka rubuta wa ba, sai dai ta bi hannu-hannu har kowa ya gani. A farkon zamanin coci ko bishop ma yakan rubuta irinta zuwa majami'un yankinsa, daga baya ne a wajen Katolika sunan ya tsaya kan wasiƙar da Paparoma ke aika wa bishop-bishop kan koyarwa ko tarbiyya, su kuma su kai wa mabiya. Salon da ake yi yanzu daga Paparoma Benedict na 14 ake fara ƙirga shi, a 1740.

Kuma a'a, ba kowace takardarsa ce insaikilika ba fa, ta naɗa bishop daban take.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake raɗa musu suna, ba a zaunawa neman take, kalmomin farko na wasiƙar kawai ake ɗauka, yawanci da Latin, shi ya sa za ka ji Rerum Novarum, ta Leo na 13 a 1891 kan haƙƙin leburori da albashin da zai riƙe iyali. Akwai wadda Pius na 11 ya yi da Jamusanci a 1937, aka shigar da ita Jamus a ɓoye aka karanta a coci-coci don sukar aƙidar 'yan Nazi, ka ga nan zagayawar ta yi aikinta sosai, don sai da ta isa hannun limamai kafin hukuma ta farga.

Yanzu ma ba bishop-bishop kaɗai ake nufi ba. John na 23 a 1963 ya haɗa da duk masu kyakkyawar niyya a tasa kan zaman lafiya, Francis kuwa a 2015 cewa ya yi da duk wanda ke raye a doron ƙasa yake magana a Laudato si', wadda ya rubuta kan kula da muhalli.