Amsa ga 'yar'uwar da ƙaninta ke so ta tsaya masa garanto

Salama 'yar'uwa. Na ga tambayarki tun da safe sai yanzu na samu zama, kuma na lura amsoshin da aka ba ki sun rabu biyu, wasu na cewa ki sa hannu kawai Allah zai saka miki, wasu na cewa ki gudu kar ki waiwaya. Don waɗanda ba su gani ba, ta ce ita malamar makaranta ce mai yara uku, ƙaninta na so ya ci bashin naira miliyan ɗaya da rabi a wani ƙaramin banki ya cika kuɗin keke napep, bankin ya ce sai ya kawo ma'aikacin gwamnati ya tsaya masa, mama ta matsa mata lamba, maigidanta ma bai sani ba tukuna, shi ne take tambaya ko zunubi ne in ta ƙi.

Ba zunubi ba ne ƙanwata, ki fara cire wannan daga ranki don ki samu yin tunani da kyau. Ni ba matar fasto ba ce, ban kuma je makarantar Baibul ba, amma na daɗe ina riƙe da littafin adashi da na rance a zumuntar mata ta ikilisiyarmu a nan Kaduna, kuma abin da idona ya gani a kan maganar tsayawa wani ya isa in ce wani abu.

Abu na farko da mutane ba sa ganewa, ranar da kika sa hannu a wannan takarda ba shaida kika bayar cewa ƙaninki yaron kirki ne ba, bashin kika ɗauka. Shi ya sa banki bai nemi fastonsa ko mai unguwa ba, ya nemi mai albashi. Za su karɓi hoton fasfo ɗinki, katin aiki, lambar BVN, wasu har cek za su ce ki rubuta ki bari a hannunsu, su zo su ga gidan da kike zaune da makarantar da kike koyarwa. Duk wannan ba don gaisuwa ba ne. In ya tsallake biya wata ɗaya ko biyu wayarki ce za ta fara ƙara, domin shi yana iya kashe waya ya koma wani gari da kekensa, ke kuwa kullum ƙarfe bakwai da rabi kina bakin aji, an san inda za a same ki. Sannan ki tambaye shi ruwan bashin nawa ne, don irin waɗannan bankuna da wata suke lissafi ba da shekara ba. A ce misali kashi 5 cikin ɗari ne a wata a kan uwar kuɗin, miliyan ɗaya da rabi ruwansa kaɗai dubu 75 ne duk wata, a shekara dubu 900, ba a ma taɓa uwar kuɗin ba. Ki ɗora wannan kusa da albashinki ki duba da kanki.

Yanzu ga Maganar Allah. Littafin Karin Magana bai yi wasa da wannan batu ba sam, ya maimaita shi har sau da yawa. A sura 11 aya 15 ya ce wanda ya tsaya wa wani zai sha wuya, a 17:18 ya ce rashin hankali ne, a 22:26 da 27 kuma ya yi tambayar da har yau take tsaya min a rai, in ba ka da abin biya, don me za a zo a ɗauke gadonka da kake kwance a kai. Gado fa aka ce, ba gona ko shanu ba, abin da ko talaka na ƙarshe yake da shi. Wanda ya rubuta wannan ya ga an yi wa mutane ne, ba zato yake ba.

To amma na san abin da ke damunki, don ni ma ya daɗe yana damuna. Ai Yesu ya ce a ba wanda ya roƙa, kada a juya wa mai neman rance baya, Matiyu 5:42, a Luka 6:35 ma ya ce ku ba da rance ba tare da sa ran a mayar muku ba. Sai mutum ya ga kamar Karin Magana na cewa riƙe, Yesu na cewa saki. Ni abin da na gane bayan na zauna da ayoyin nan shi ne ba su saɓa wa juna ba ko kaɗan. Yesu yana maganar abin da ke hannunki ne, ki bayar har ki cire rai da shi. Karin Magana kuma yana maganar alkawarin abin da ba ya hannunki, kuɗin da ba ki da shi, albashin watannin da ba su zo ba, abincin yaranki na baɗi. Na farkon kyauta ce kike yi da naki, na biyun kuwa kin jingine abin da ba naki ke kaɗai ba.

Kuma ki duba mutanen da suka tsaya wa wani a Littafi Mai Tsarki aka yaba musu, wannan shi ya buɗe min ido. Yahuza ya ce wa babansa Yakubu ya bar ƙaninsu Biliyaminu ya bi su Masar, shi ya tsaya masa, in bai dawo da shi ba laifin na kansa har abada, Farawa 43:9. Da abin ya ɓaci aka samu ƙoƙon Yusufu a buhun yaron, Yahuza bai ce ai ni magana kawai na yi don hankalin tsoho ya kwanta ba, ya fito gaba ya ce a riƙe shi bawa a saki yaron, yana nan a ƙarshen sura 44. Haka Bulus da ya rubuta wa Filimon a kan bawan nan da ya gudu, ya ce in ya cuce ka ko kana binsa wani abu ka sa a kaina, ni Bulus na rubuta da hannuna zan biya. Dukansu biyu sun tsaya ne da niyyar biya gaba ɗaya, sun san nauyin kafin su buɗe baki. Saboda haka tambayar da za ki yi wa kanki ba ta ko ƙanina zai biya ba ce, don wannan ba wanda ya sani, shi kansa bai sani ba. Tambayar ita ce in bai biya ko sisi ba, zan iya biyan kuɗin nan duka da ruwansa, yarana na makaranta, gidana na cin abinci, kuma in gan shi ranar Kirsimeti mu ci shinkafa a kwano ɗaya zuciyata ba ɗaci? In amsar i ce, to ki sa hannu da farin ciki, Ubangiji ya yi miki albarka. In a'a ce, kada ki sa.

Bari in gaya miki abin da ya faru a gabana. Akwai wata uwa a zumuntarmu, tela ce, tana da shago da kekunan ɗinki da yara masu koyo. Ta tsaya wa mijin wata 'yar'uwa da suke mawaƙa tare, shi ma keke napep ya saya. Mutumin nan ba mayaudari ba ne ko kaɗan, yana biya daidai har ranar 29 ga Mayu 2023 da aka ce an cire tallafin mai, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, fasinja suka koma tafiya da ƙafa, sai kuma injin ya buga. Daga nan biya ya tsaya. Ina shagon na je karɓar ɗinki ranar da masu bashi suka zo, samari biyu da jakar takardu, ba su yi ihu ba, suka dai zauna a kan bencin kwastoma suka ƙi tashi, duk wanda ya shigo sai ya ji me ya kawo su. Tana riƙe da almakashi hannunta na rawa, ta kasa yanka atamfar da ke gabanta. Ƙarshe ta sayar da keken ɗinkinta mai amfani da wuta, ta sallami yara biyu. Amma ni ba kuɗin ne ya fi ci min rai ba. Matan nan biyu da suke zuwa koyon waƙa tare suna komawa tare, sai da aka yi wata da watanni ɗaya na zama wannan gefen majami'a ɗaya wancan gefen, ranar Jibin Ubangiji ɗayar ta tashi ta fita kafin a fara rabawa. Dattawan ikilisiya sun sha zama kafin aka samu suka gaisa. An sa hannun ne don zumunci ya ƙaru, zumuncin kuma shi ya fara mutuwa.

Kada kuma kowa ya ce miki ai ɗan'uwanki mai bi ne, Allah ba zai bari ya kasa ba. Matar nan ta 2 Sarakuna sura 4 da mai bin bashi ya zo zai kwashe 'ya'yanta biyu bayi, mijinta daga cikin ƙungiyar annabawa yake, ita da bakinta ta ce wa Elisha ka san bawanka mai tsoron Ubangiji ne. Mai tsoron Allah ne, ya mutu ya bar bashi. Allah ya yi mu'ujiza ya yawaita ɗan man da ke gidanta, gaskiya ne, amma ki lura da abin da Elisha ya ce mata, je ki sayar ki biya bashinki, ki ci sauran da yaranki. Bai ce a yi addu'a bashin ya ɓace ba, sai da aka biya.

Maganar mama kuwa ki bi ta a hankali, uwa ce, tana ganin ɗanta na zaman banza ranta na ƙuna, za ta ce miki hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma gaskiyarta ne. Wataƙila wani ya kawo miki 1 Timoti 5:8, cewa wanda bai kula da danginsa ba ya fi marar bi muni. Ki karanta ayar har ƙarshe, ta ce danginsa, tun ba ma iyalin gidansa ba. Yaranki uku suna cikin ayar nan tun kafin ƙaninki. Bulus ɗin da ya ce mu ɗauki nauyin juna a Galatiyawa 6:2 shi ne ya ce kowa zai ɗauki kayan kansa a aya ta 5, ayoyi biyu kawai tsakani.

Sai dai fa kada ki ce a'a ki koma ki naɗe hannu, nan ne da yawanmu muke faɗuwa, mu fake da Karin Magana alhali rowa ce kawai. Ki zauna da maigidanki ku duba nawa za ku iya bayarwa ku manta da shi, ko dubu 100 ne ko 200, ku ba shi a matsayin gudummawa, kar ma ku kira shi rance don kada gobe ki riƙa kallon sabon takalminsa kina lissafi. Da ɗan yayata ya zo min da irin wannan magana abin da muka yi ke nan. Na ce masa takarda kam ba zan sa hannu ba, amma na kai shi wajen wani mai kekuna a unguwarmu ya fara tuƙi yana biyan balas kullum yamma, muka sa shi a adashi, na kuma ba shi abin da zan iya. A nan ya gane nawa keke ke kawowa ranar ruwa da ranar da 'yan karɓar haraji suka tare hanya, da nawa bakanike ke ci, lissafin da yake yi a baki da wanda ya gani a aljihu ba ɗaya ba ne. Ya yi fushi da ni da farko, har ya daina zuwa gidana na ɗan lokaci, wannan ma ki shirya masa don zai iya faruwa. Ƙaninki ya taɓa tuƙa keke na haya kuwa? In bai taɓa ba to Yesu da kansa ya ce mai son gina soro ya fara zama ya yi lissafi, Luka 14:28, ki taimake shi ya yi lissafin kafin ya ɗauki miliyan ɗaya da rabi a ka. Sauran 'yan'uwa ma a kira su, in kowa ya kawo ɗan abin da zai iya, wataƙila bashin da za a nema ya ragu sosai ko a sayi na hannu mai kyau.

Kuma in za ki ƙi, ki ƙi a fili cikin ladabi. Kada ki ce katina ya ɓace, ko hedimasta ya hana, ko bari in yi addu'a a kai alhali kin riga kin yanke shawara, kina ta ja masa rai yana zuwa yana dawowa. I ɗinki ya zama i, a'a ɗinki a'a. Ki ce masa ƙanina ina ƙaunarka, wannan kuɗin in ya faɗo kaina ba zan iya ɗauka ba, ga abin da zan iya yi maka.

Abin da ya fi tayar min da hankali a rubutunki shi ne da kika ce maigida bai sani ba. Don Allah kada ki kwana biyu da wannan a ciki. Ko da a ce za ki iya biya, albashin nan da shi kuke tsara kuɗin makaranta da na haya, ranar da za a fara cire kuɗi ko baƙi su yi sallama a ƙofar gida da takarda mai ɗauke da hotonki, ba maganar bashi za ku yi ba, maganar amana za ku yi, wannan kuwa ta fi wuyar gyara. Ki gaya masa yau, ku yi addu'a tare, in ya yiwu ku je wajen mama ku biyu, ta ji daga bakinsa cewa gidanku zai taimaka amma ba ta hanyar sa hannu ba, hakan zai rage miki nauyi ƙwarai.

Ba ki faɗa ba ko kin riga kin miƙa masa wani abu. In kin ba shi hoto ko kwafin katin aikinki, ki karɓo su tun ba a cika fom ba. In kuma har kin riga kin sa hannu kuɗin bai fita ba, Karin Magana 6:1-5 ya ce kada ki bari barci ya ɗauke ki, ki ƙasƙantar da kai ki je ki roƙa a sake ki, to gobe da safe ki je bankin da kanki ki ce kin janye, ki ba su a rubuce ki riƙe kwafi. Zan sa ki a addu'a a taron zumunta na wannan mako ba tare da na faɗi suna ba, ki dawo ki gaya mana yadda kuka yi da maigida.