Katangarmu ɗaya da maƙwabci, ga bango ya jiƙe: a shafe da siminti?

Tambaya: Gidanmu na ƙasa ne a cikin birnin Kano. Katangarmu ɗaya da maƙwabci, rufin kwanonmu da nasa kuma magudana ɗaya suke zuba wa ruwa, a saman katangar. Bana bangon ɗakin yara ya jiƙe har ya fara tsagewa. Magini ya ce a shafe shi da siminti. Ina tsoron kada ya faɗo musu.

Amsa: Malam, yau ɗin nan a fitar da yaran daga ɗakin, kada a jira gyara.

Ruwan daga sama yake shiga. Rufi mai murabba'in mita 100, idan aka yi ruwan milimita 30, lita 3,000 yake zubarwa, duro 15 ke nan, ga na maƙwabcinka a kai. Leda da ƙura sun toshe bakin indararo, ko tsatsa ta huda magudanar, sai duk ya bi cikin katanga.

Batun siminti kuwa, na gaji da jin sa. Kowace damina sai an kawo min shi. Siminti ba ya kama ƙasa, kwanciya kawai yake a kanta. Ruwa ya shiga ta baya, ya rasa hanyar bushewa, tubali ya yi ta narkewa a ɓoye, fuskar bango kuwa sumul. Mai gida ya saki jiki. Ranar da aka yi malka a watan Agusta, sai bango ya zo ƙasa gaba ɗaya, ba sallama. Bangon da ba a shafe ba aƙalla yana nuna maka ciwonsa. Magabatanmu da makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, suke yaɓe, domin tana barin danshi ya fita. Maginin da ya ce siminti bai ko hau sama ya duba ba, kuɗin buhu yake hange. Ƙwanƙwasa duk bangon da aka yi wa haka, za ka ji yana ƙara kamar ganga.

A hau a share magudanar, a sauya ta idan ta ruɓe, a ba ta gangara kamar santimita 1 a kowace mita, a sa bututu ya kai ruwan kwata, nesa da gindin bango. Kada a juya shi cikin shadda. A tokare bangon, injiniya ya duba tsagewar, yaɓe kuwa a bari sai bangon ya bushe da rani.

Kuɗin aiki ku raba biyu, tunda ruwan ku biyu ne. In maƙwabcin ya ƙi, ka kai wa mai unguwa.