Tsoro ya hana ni barci, wai ban san Allahna ba

Mama, salama a cikin sunan Ubangijinmu Yesu.

Tsoro ne zai kashe ni. Maigidana direba ne, hanyar Birnin Gwari yake bi, sauran ba sai na gaya miki ba. Tun da aka ɗauke abokin aikinsa, sai da aka sayar da gona aka karɓo shi, ban sake barcin kirki ba. In waya ta yi ƙara gabana ya faɗi, in ta yi shiru ma gabana ya faɗi. Shi kuwa dariya yake, wai hanya ta yi sauƙi yanzu, wai Allah ne mai tsaro. To, ni na ce ba shi ba ne?

Abin da ya fi ci mini rai, na faɗa a Zumuntar Mata don a taya ni addu'a, sai wata babba a cikinmu ta ce mai jin tsoro bai san Allahnsa ba. A gaban kowa, Mama! Ni da aka haifa a cikin ikilisiya, nake cikin mawaƙa tun ina budurwa. Na yi azumi, Zabura 91 har na haddace ta, amma da dare ya yi sai zuciyata ta hau bugawa. Babbar 'yata ce ke zama da ni har maigidan ya kira, wani lokaci sai asuba, Allah ya yi mata albarka. Zumunta kam na daina zuwa, ba zan iya haɗa ido da matar nan ba. Wai ban san Allahna ba. Ni? Ki gaya mini gaskiya, bangaskiyata ce ta mutu?

'Yarki daga Sabon Tasha, Kaduna

'Yata, ban ji ta bakin waccan uwar ba, don haka ba zan yanke mata hukunci ba. Amma maganar da ta yi ba daga Littafi Mai Tsarki ta samo ta ba, kuma ta yi ta inda bai kamata ba. A Zabura 56 Dawuda cewa ya yi sa'ad da ya ji tsoro zai dogara ga Allah. Iliya, da bakinsa ya roƙa wuta ta sauko a Dutsen Karmel, amma saƙon Yezebel kaɗai ya kora shi jeji har ya roƙi mutuwa. Buɗe 1 Sarakuna 19 ki gani: Allah bai tsawata masa ba. Barci ya yi, mala'ika ya tashe shi ya ci ya sha, har sau biyu. Bangaskiyarki na nan da ranta, 'yata, jikinki ne ya gaji.

Ni inda na tsaya a wasiƙarki, maganar yarinyar nan ce. Kin sa mata albarka kin wuce. Shekarunta nawa? Ba makaranta za ta da safe ba? Ita ma fa ubanta ne a kan hanyar, amma ta haɗiye nata tsoron tana rarrashin uwa. Wa ke rarrashinta? Iyaye mata, da ku duka nake: mun iya ɗora wa 'ya'yan fari kayan da ya fi wuyansu, sai mu ce yarinya ce mai hankali. A Getsamani, da baƙin ciki ya yi wa Yesu nauyi, manya uku ya nema su zauna da shi, Bitrus da 'ya'yan Zabadi.

Ke ma ki nemi manya. Ki koma Zumunta, ba ta mace ɗaya ba ce, ki zaɓi biyu da za ki iya kira ko da tsakar dare ku yi addu'a.

Maigidanki kuma ki ce Mama ta ce ya daina dariyar nan. Nehemiya ya yi addu'a, ya kuma sa masu tsaro dare da rana. Shi ma maigidan naki sai ya bar tafiyar dare, ya bi ayarin motoci, ku tsayar da lokutan da zai riƙa kira. Bugun zuciyar nan, ki je asibiti a auna jininki. Yarinya kuwa, daga yau ƙarfe tara ta yi mata a gado.